Tarihin Kafuwar Gandun Dajin Badlands a Dakota ta Kudu

Gandun dajin Badlands yana kudu maso yammacin jihar Dakota ta Kudu a Amurka, gabas da tsaunukan Black Hills, kuma faɗinsa ya kai eka 243,000, wato kusan murabba'in kilomita 980. Ƙasa ce ta ciyawa shimfiɗe iyakar ganin ido, wadda kwatsam sai ta karye ta zama kwazazzabai da tsibin duwatsu masu tsini, kowanne da zane-zanen launi a jikinsa: toka-toka, ja, ruwan ɗorawa da fari. Wanda ya san yadda ruwan damina ke yanka kwazazzabo a bayan gari ya san asalin abin, sai dai a nan ruwa ya yi kimanin shekara 500,000 yana aikin, kuma har yau yana cin kusan inci ɗaya na ƙasar a kowace shekara. 'Yan ƙabilar Lakota suna kiran yankin Mako Sica, ma'ana muguwar ƙasa, Faransawa mafarauta kuma suka kira shi ƙasa mai wuyar ƙetarawa, daga nan sunan Ingilishi ya samo asali. Da rani zafi kan haura digiri 40, da hunturu sanyi kan sauka ƙasa da sifili nesa ba kusa ba, ruwan sama kuwa kimanin milimita 400 ne a shekara.

Masana ne suka fara sanar da duniya darajar wurin. A 1846 wani likita na birnin St. Louis, Hiram Prout, ya wallafa bayanin wani muƙamuƙin dabba da ya rikiɗe ya zama dutse, wanda 'yan fataucin fata suka kawo daga bakin kogin White River. Bayan shekara uku aka tura John Evans ya je ya tattaro ƙasusuwa, sannan Joseph Leidy na Philadelphia ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su sunaye. Abin da ya fito ya ba mutane mamaki: dawakai masu yatsu uku, raƙuma ƙanana, karkanda, da manyan kyanwoyi masu fiƙa kamar takobi, duk a ƙasar da ba a taɓa zaton irinsu sun zauna ba. Dalilin yana cikin zanen launin nan na jikin duwatsu. Baƙar laka ta can ƙasa kwantan teku ce da ta rufe yankin shekara miliyan 75 zuwa 69 da suka wuce. Abin da ke samanta kuwa laka ce ta koguna da tokar aman wuta da suka taru tsakanin shekara miliyan 37 da 28 da suka wuce, suka binne dabbobin wancan zamani. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 gidajen tarihi na Amurka da Turai sun cika akwatuna da ƙasusuwan White River, ba mai tsaro, ba mai ƙidaya abin da aka kwashe.

A 1907 jiragen ƙasa suka ratsa yankin, manoma suka biyo su suna karɓar filaye a ƙarƙashin dokar gwamnati ta raba gonaki. Garuruwa irin su Wall da Interior suka tsiro. Shekara biyu bayan haka, a 1909, majalisar dokokin jihar ta roƙi majalisar tarayya ta keɓe wani yanki na kwazazzaban ya zama gandun ƙasa. Roƙon bai je ko'ina ba, amma cikin 'yan majalisar jihar na lokacin akwai mutumin da zai riƙe maganar har ƙarshen rayuwarsa.

An haifi Peter Norbeck a 1870, ɗan baƙin haure ne daga ƙasashen arewacin Turai, kuma sana'arsa ta asali haƙar rijiya ce. Da ita ya yi arziki, da ita kuma ya san ƙasar jiharsa ciki da bai, domin kamfaninsa ya haƙa dubban rijiyoyi a gonakin manoma. Ya zama gwamna daga 1917 zuwa 1921, shi ne gwamna na farko da aka haifa a ƙasar Dakota, daga nan ya tafi majalisar dattawa a Washington. Mutum ne da ba ya yarda da taswira kawai. An san shi da taka sawu ko hawa doki ya bi duk inda ake son hanya ta wuce, ya duba inda matafiyi zai fi ganin kyan wuri, ko da injiniyoyi sun ce hanyar za ta yi tsawo da tsada. Haka ya yi a gandun jiha na Custer, haka ya yi da hanyoyin da ke kaiwa dutsen Rushmore. Ya fara ziyartar Badlands a 1911, kuma a 1922 ya gabatar da ƙudurin kafa gandun ƙasa mai suna Wonderland a wurin. Ƙudurin ya mutu a kwamiti. Matsalar a bayyane take: yawancin ƙasar ta riga ta shiga hannun manoma da makiyaya, majalisa kuma ba ta da al'adar fitar da kuɗi ta sayi filin mutane don gandun daji.

Abokin tafiyarsa a wannan gwagwarmaya Ben Millard ne, wanda ya taɓa aikin banki kafin ya koma zama a gefen kwazazzaban. A 1928 shi da 'yar'uwarsa Clara Jennings suka buɗe zangon baƙi a mashigar Cedar Pass, da ɗakin rawa da wurin cin abinci, daga baya aka ƙara ɗakunan kwana. A lokacin hanyar wurin laka ce mai danƙo wadda ke riƙe mota da zarar an yi yayyafi, don haka buɗe zango a nan ba ƙaramar kasada ba ce. Millard ya zama mai masaukin duk wani jami'i ko ɗan jarida da Norbeck ya turo, yana zagayawa da su, da yamma kuma ya tara baƙi ya yi musu bayanin duwatsu da ƙasusuwa ba tare da karɓar ko sisi ba. Shi da Norbeck suka bi kwazazzaban suna tsara inda hanyar mota za ta ratsa. Wasu na iya cewa mai zango yana da riba a zuwan baƙi, kuma gaskiya ne, amma Millard ya bayar da filinsa kyauta aka gina hedikwatar gandun a kai.

Hukumar kula da gandayen ƙasa, wadda aka kafa a 1916, ba ta yi zumuɗi ba. A 1928 ta tura jami'inta Roger Toll ya duba wurin, ya dawo ya ce bai kai matsayin gandun ƙasa ba, amma ya cancanci a kare shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa, wanda mataki ne na ƙasa da gandu. Norbeck ya ga cewa da babu gara ba daɗi, ya karɓa. Ranar 4 ga Maris 1929, ranarsa ta ƙarshe a ofis, Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu a dokar. Coolidge ya yi hutun bazara a Black Hills a 1927, ya san jihar da mutanenta. Dokar ta zo da sharaɗi biyu: jihar Dakota ta Kudu ta mallaki filayen da ke hannun mutane a cikin iyakar, ta kuma gina hanya mai tsawon kusan mil 30 da za ta ratsa wurin. Sai an cika waɗannan ne shugaban ƙasa zai ayyana kafuwar.

Sharuɗɗan sun ci shekara goma. Jihar ta gina hanyar, amma sayen fili ya gagara, har fari da guguwar ƙura da farin ɗango na shekarun 1930 suka faɗa wa manoman yankin. Gonaki suka ƙone, rijiyoyi suka ƙafe, iyalai suka ɗaure kaya. Gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa shirin sayen gonakin da noma ba ya ci a cikinsu, ta biya masu su don su koma inda ƙasa ta fi albarka, kuma daga waɗannan filaye aka haɗa yawancin gandun. Wata doka ta 1936 ta ba da damar faɗaɗa iyakarsa har eka 250,000. Norbeck ya rasu a watan Disamba na wannan shekarar, bai ga ƙarshen aikin ba. Ranar 25 ga Janairu 1939 Roosevelt ya ayyana kafuwar wurin tarihi na ƙasa na Badlands.

Shekarun farko su ne abin alfaharin gandun. Matasa marasa aiki da gwamnati ta ɗauka a rundunar farar hula ta kiyaye muhalli sun yi sansani a wurin daga 1939, suka shimfiɗa bututun ruwa, suka gina ofisoshi da shingen shiga, suka cire wayoyin shinge da kangon gidajen da manoma suka bari. A ƙasar da ruwan koginta fari ne saboda laka, har ba ya shayuwa sai an tace, kawo ruwan sha Cedar Pass shi ne aikin da ya sa komai ya yiwu. Ciyawa ta fara komowa inda garma ta kankare. Millard ya ci gaba da riƙe zangonsa har ya rasu a 1956, kuma yau wani tudu a bayan Cedar Pass yana ɗauke da sunansa, wata mashiga a kan hanyar kuma tana ɗauke da na Norbeck.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da gine-gine, aka bar shanu suka shiga kiwo saboda bukatar nama, bayan yaƙi kuma aka rage wa wurin wasu filaye. A 1942 sojan sama suka karɓi eka sama da 340,000 na ƙasar Oglala Lakota ta Pine Ridge, kudu da gandun, don atisayen harbi da jefa bama-bamai, iyalai sama da ɗari suka tashi cikin gaggawa. Hali ne na yaƙi, kuma daga baya majalisa ta yi dokar 1968 wadda ta buɗe hanyar mayar da filayen.

Daga ƙarshen shekarun 1950 aka sake ɗaura ɗamara. An buɗe cibiyar baƙi a Cedar Pass a 1959, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Ben Reifel, ɗan Lakota na farko da ya shiga majalisar wakilan Amurka. A 1963 aka dawo da ɓaunar Amurka daga gandun Theodore Roosevelt na Dakota ta Arewa, bayan kusan shekara 80 babu ko ɗaya a yankin. A 1964 aka kawo tumakin dutse masu manyan ƙahoni daga Colorado. A 1976 abubuwa biyu suka faru a tare: majalisa ta keɓe eka 64,000 a matsayin dajin da ba a shiga da mota ko gina komai, sannan aka ƙulla yarjejeniya da ƙabilar Oglala, aka haɗa eka 133,000 na tsohon filin atisaye da gandun. Ƙasar ta ci gaba da zama mallakin ƙabilar, hukumar gandaye na kula da ita tare da su. A wannan sashe na kudu ne tudun Stronghold yake, inda Lakota suka yi ɗaya daga cikin raye-rayen ibadarsu na ƙarshe a 1890, makonni kafin kisan da aka yi wa Lakota a Wounded Knee ranar 29 ga Disamba. Da wannan ƙari faɗin wurin ya ninka, ranar 10 ga Nuwamba 1978 kuma ya samu matsayin gandun ƙasa, shekara 56 bayan ƙudurin Norbeck na farko.

Aikin da ya fi ɗaga sunan gandun a idon masana dabbobi ya shafi wata 'yar dabba mai baƙaƙen ƙafafu, mai siffar tunku, wadda kusan ba ta da abinci ko ramin kwana sai na wani dangin kurege da ke haƙa garuruwan ramuka a cikin ciyawa. Da makiyaya suka yi ta kashe kuregen da guba, ita ma ta ɓace, har aka ɗauka ta ƙare a duniya. A 1981 aka gano ragowarta a Wyoming, aka kama 18 aka hayayyafa su a tsare, kuma a 1994 aka saki jikokinsu a Badlands. Yankin Conata da ke maƙwabtaka ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi yaɗuwa. Annoba ta faɗa wa kuregen a 2008, ma'aikata suka shiga fesa maganin ƙuma a bakin ramuka suna yi wa masu baƙaƙen ƙafafun rigakafi, abin ya lafa. Ɓakanen da aka dawo da su kuwa sun haura dubu, a 2019 aka ƙara musu eka 22,000 na filin kiwo, rarar garken kuma akan ba ƙabilu su kafa nasu.

Ƙasusuwa ba su daina fitowa ba. A 1993 wasu baƙi biyu suka hangi ƙashi ya leƙo daga ƙasa kusa da wurin hutawa na Conata, aka zo da niyyar tono na 'yan kwanaki, aikin ya kai 2008, aka fitar da ƙasusuwa kusan 20,000. A 2010 wata yarinya 'yar shekara bakwai ta nuna wa ma'aikata wani abu da ya zama ƙoƙon kan kyanwa mai fiƙar takobi. Dokar gandun ita ce wanda ya ga ƙashi ya bar shi a inda yake, ya kai rahoto, domin matsayinsa a cikin zanen dutse ne ke faɗin shekarunsa. Abin da ba a ɗauke ba cikin 'yan damuna, ruwa ya farfasa shi.

Kimanin baƙi miliyan ɗaya ke zuwa a shekara, yawancinsu daga babbar hanya mai lamba 90, su bi hanya mai lamba 240 tsakanin Cedar Pass da garin Wall. Kuɗin da suke kashewa shi ke riƙe ƙananan garuruwan da noma ya daɗe da barinsu. Gandun yana cikin manyan filayen ciyawa na asali da suka rage a tsare a Amurka, irin ƙasar da garma ta cinye mafi yawanta. Sashen kudu bai samu rabonsa na hanyoyi da baƙi ba, cibiyarsa ta White River da bazara kaɗai ake buɗe ta, kuma har yanzu ana tsintar ragowar harsasai a ƙasarsa. A 2012 aka amince da tsarin da zai mayar da shi gandun ƙasa na farko a hannun ƙabila, sai dai hakan na bukatar dokar majalisa da yardar masu kiwo a filin, kuma maganar tana nan a buɗe yayin da gandun ke tunkarar cika shekara 50 da samun matsayinsa a 2028.