Katangar Kilobayit 640: Yadda Aka Yi Fama da Ƙarancin Ƙwaƙwalwa a Kwamfutocin Farko

Duk wanda ya kunna kwamfutar Commodore 64, wadda ta fito a 1982, abin da ya fara gani a allo shi ne lissafin abin da ya rage masa. An sayar masa da na'ura mai kilobayit 64, amma sai ta gaya masa bayit 38,911 kaɗai zai iya rubuta manhaja a ciki, domin na'urar ta riƙe saura don hidimar kanta. Bayit ɗaya kuwa gurbin harafi ɗaya ne, kilobayit kuma bayit 1,024. Mai ZX81 ta ƙasar Ingila, ta 1981, ya fi shi shiga uku, don kilobayit ɗaya tak aka ba shi. Duk da haka David Horne ya cusa wasan dara irin na Turawa, watau ces, cikin bayit 672 a wannan na'ura.

Waɗannan ƙanana ne, ƙarancinsu na tsadar kaya ne, ya kuma wuce da kaya suka yi araha. Matsalar da ta fi cancantar nazari ita ce wadda ta ƙi wucewa ko bayan an samu wadata, watau ta kwamfutar IBM PC, wadda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a watan Agusta na 1981.

Zuciyar wannan na'ura ita ce Intel 8088, mai layukan adireshi 20. Abin nufi shi ne ba ta iya kiran gurbi fiye da megabayit ɗaya, watau kilobayit 1,024. Sai injiniyoyin IBM suka raba wannan fili biyu. Suka bar wa manhajoji kilobayit 640 na ƙasa, suka keɓe 384 na sama domin allo da umarnin tada na'ura da sauran kayan da za a ƙara nan gaba, kamar yadda hukuma kan yanke wani yanki na gari ta ce ba na gini ba ne. A gaskiya ba su yi rowa ba, tun da na'urar mafi araha da kilobayit 16 aka sayar da ita. Inda gizo ya yi saƙa shi ne wurin da suka kafa shingen, domin ya zo a tsakiyar hanya, ya tare inda gari zai faɗaɗa. Akan jingina wa Bill Gates cewa shi ya ce wannan adadi ya ishi kowa, amma ya musanta.

Ba a daɗe ba fili ya cika. Manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, ta 1983, tana ɗora dukkan jadawali a ƙwaƙwalwa, saboda haka akawun da lissafinsa ya yi tsawo sai na'ura ta tsaya masa. Ga kuma ƙananan manhajoji masu zaman dirshan, irin su Sidekick ta 1984, waɗanda in sun shiga ba sa fita. A 1985 kamfanonin Lotus da Intel, daga baya da Microsoft, suka fito da dabarar EMS. Aka buɗe taga mai kilobayit 64 a cikin filin da aka keɓe, ana zuro shafuka masu kilobayit 16 ta cikinta daga wata ƙwaƙwalwa ta daban, ana mayarwa. Tamkar mutum ne mai rumbu cike da hatsi, amma sai da ƙoƙo ake miƙo masa ta kafa.

Dabarar da ta fi ban mamaki kuwa daga kuskure ta samo asali. A tsohuwar 8088, adireshin da ya zarce megabayit ɗaya yakan zagayo ya koma farko, wasu masu rubuta manhaja kuma suka dogara da wannan hali. Da IBM ta fitar da samfurin AT a 1984, mai Intel 80286, wadda ke iya kaiwa megabayit 16, sai zagayowar ta daina faruwa. Don kada tsofaffin manhajoji su lalace, aka sa wata ƙofa a kan layin da ake kira A20, aka damƙa makullinta ga guntun da ke kula da madannai, saboda kawai yana da ƙafa ɗaya da ba ta aikin komai. Daga bisani aka gane cewa in an buɗe ƙofar, ana samun ƙarin bayit 65,520 a bayan shingen. Nan DR DOS 5 ta 1990 da MS-DOS 5 ta 1991 suka kwashe mafi yawan kayansu suka kai, suka sakar wa manhajoji filin ƙasa.

Nauyin duk wannan a kan mai na'ura ya faɗa. Shi zai buɗe fayilolin CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, ya jera umarni, ya tura wannan sama da LOADHIGH, ya kashe na'ura ya kunna, ya duba ko ya ci ribar kilobayit biyar ko goma. Jerin ma yana da muhimmanci, don in ƙarami ya riga babba shiga gurbi, babban ya rasa wuri. Mutum yana da megabayit 8, amma wasa ko manhajar ofis ta ƙi tashi don ta rasa kilobayit 10 a ƙasa. Har sana'a abin ya zama: kamfanin Quarterdeck ya yi ciniki da QEMM, Microsoft kuma ta sa MemMaker cikin MS-DOS 6 a 1993.

Windows 95 ta sassauta wahalar, Windows XP ta 2001 kuma ta raba kwamfutar gida da DOS. Ƙofar A20 dai ta ci gaba da zama a cikin na'urorin Intel har zuwa samfurin Haswell na 2013, kusan shekara talatin bayan an kafa ta.