Madatsa ko Jigo: Darasi daga Tarihin Noman Rani a Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata tsohuwar tambaya, watau yaushe ne babban tsari mai sarƙaƙiya yake biyan wahalarsa, yaushe ne kuma ƙarami yake wadatarwa? Masana kwamfuta suna wannan muhawara tun 2014, lokacin da kamfanin Google ya fitar da Kubernetes, tsarin sarrafa ɗimbin na'urori a lokaci guda, wanda wasu ke ganin ya fi ƙarfin buƙatar ƙananan ma'aikatu. Mu kuwa za mu nemi amsar a fadamun Gwarzo da Kabo, inda manoma suka riga su fuskantar irinta.

Daga jigo zuwa madatsa

Kafin zuwan injuna, mai lambu da jigo yake ban ruwa. Ice ne da igiya da guga, ba ya buƙatar izinin kowa, in ya karye kuma shi da kansa yake gyarawa. Aibinsa shi ne ba ya shayar da fili mai faɗi.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako ta ɗauki hanyar manyan madatsu, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 kuma ya ƙara mata hujja. An gama Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976. Wannan manufa ce ta haifar da Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi a yankin da muke magana a kai, sannan Challawa a ƙasar Karaye a 1992.

Sai dai gina madatsa rabin aiki ne. Tilas a ja magudanai, a riƙa yashe su, a sa ma'aikata masu buɗe ƙofofi a kan ƙa'ida, a kuma ware kuɗin gyara kowace shekara. Da kuɗin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, wannan ɗawainiya ce ta fara shan wuya. Har ila yau, tare ruwa a sama ya rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa a can.

Komawa ga ƙarami

A waɗannan shekaru ne hukumar KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa, shirin Fadama na ƙasa kuma ya ɗora a kai a shekarun 1990. Dalilin karɓuwarsu a fili yake: injin na manomi ne, makaniken gari yana iya gyara shi, mai albasa ko tumatir ba ya jiran wani jami'i ya buɗe masa ƙofa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma kada mu zarce. Injuna da yawa ruwan da madatsa ta tara suke zuƙa, ko wanda take saki cikin rafi da rani. Janye tallafin mai a 2023 kuma ya nuna cewa ƙaramin inji ma yana da nasa nauyin.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, babban tsari yana biya ne idan buƙatar ta kai girmansa, kuma akwai mutane da kuɗin da za su riƙe shi bayan ranar buɗewa. In babu waɗannan biyu, ƙaramin da mai shi zai iya gyarawa ya fi amfani. Don haka muna ba da shawara ga hukumomi, kafin su kafa harsashin sabon aiki a wannan yanki, su fara tantance wanda zai yashe magudanarsa bayan shekara goma.