Yadda Baƙo Ya Ke Samun Abinci a Birnin Kano: Taƙaitaccen Tarihi

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin Kano sun yi bayani mai yawa a kan sarakunanta, da ganuwarta, da cinikin tufafi da fata da gyaɗa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka tsaya suka tambayi abin da dubban baƙin da ke shigowa birnin su ke ci, da wurin da su ke samunsa. Tambayar kuwa ba ƙarama ba ce, gama ba a yin babbar kasuwa sai da mai ciyad da 'yan kasuwa. Abin da wannan takarda ta ke so ta nuna shi ne, a Kano ta dā ba mutum ke zuwa wurin abinci mai kyau ba, abincin ne ke zuwa wurin mutum, kuma ba a gane shi da alama a bakin ƙofa, sai dai ta bakin wani wanda ya san gari. Gidan abinci irin wanda a ke shiga a zauna a biya, baƙon abu ne da ya zo daga baya.

Kasuwar Kurmi da abin da matafiya suka gani

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Tun kafin zamaninsa an riga an buɗe hanyar Gwanja, ƙasar goro, kuma gishirin Azbin ya soma yawaita a ƙasar Hausa. Watau ke nan tun ƙarni na 15 akwai mutane a Kano waɗanda gidajensu ke nesa, matansu ba su tare da su, ga shi kuwa dole su ci.

Bayani mafi daɗewa da mu ke da shi a kan dafaffen abinci a wannan kasuwa, na Kyaftin Clapperton ne, Baturen Ingila wanda ya shigo Kano cikin watan Janairu na 1824, ya kira kansa Abdullahi. Ya ce kusa da mahauta akwai wuraren gashi a fili, inda a ke hura wuta a kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa 'yan yankan nama, tsoka da kitse. Ya yaba tsabtar wurin, ya kuma ambaci mace mai raba wa masu saye, su kuwa suna tsugunne kewaye da ita, ga kuma abin sha na gero a kusa wanda a ke saye da 'yan wuri kaɗan. Wanda duk ya san Kano ya san tsire da fura a ke nufi. Abin lura shi ne, yadda a ke kafa tsire a yau bai bambanta da abin da mutumin nan ya gani shekara 200 da suka wuce ba.

Dokta Barth, Bajamushe, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo a 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin kamar 30,000, amma ya ce da rani, lokacin da ayari ke shigowa, adadin ya kan ninka. To, kadan mutane suka ƙaru da dubbai masu yawa cikin 'yan watanni, lalle 'yan tsiren bakin kasuwa ba za su iya ɗaukar nauyinsu ba. Ina sauran su ke ci?

Fatoma da masauki

Amsar tana wurin fatoma. Falke ba ya shigowa gari ya yi ta yawon neman inda zai kwana. Yana da maigidansa, wanda watakila ubansa ma can ya ke sauka. Fatoma shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi. Abinci kuwa yana cikin haƙƙin masauki: da dare akushin tuwo ya kan fito daga cikin gida zuwa zaure, da rana a kawo fura. Ba a ƙirga wa baƙo kuɗin tuwo ɗaya ɗaya. Ribar fatoma tana cikin la'adar da ya ke samu in an yi ciniki, da alherin da baƙo ya kan yi wa gidan ranar sallama. Saboda haka kyawun miyar gida wani jari ne. Fatoman da matansa suka iya girki ba ya rasa baƙi, wanda kuwa a ke kwana da yunwa a zaurensa, baɗi sai ya ga fatakensa sun sauka wani wuri.

Azbinawa masu kawo gishiri da raƙuma sun saba sauka a Fage, bayan ganuwa, fataken goro kuwa suna da masaukansu a cikin birni. Wannan tsari bai tsaya a Kano kaɗai ba, ya bi Hausawa duk inda suka kafa zango. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan, ya buga littafinsa a 1969, ya tarar da shi yana nan da ransa: masu gidaje suna saukar da fataken shanu da na goro suna ciyad da su, matan aure kuwa suna dafa abinci a cikin gida ana sayar wa gwauraye da baƙi.

Akwai kuma dalili na ɗabi'a. Malaman fiƙihu sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum mutunci, har ya kan iya shafar karɓar shaidarsa a gaban alƙali. Hausawa su ma suna ganin abin kunya ne dattijo ko malami ya tsuguna gaban mai tuwo a bainar jama'a. In yana marmarin balangu, sai ya aiki yaro da kwano mai murfi. Don haka waɗanda Clapperton ya gani a tsugunne, galibi 'yan dako ne da ƙauyawa da samari, ba manyan attajirai ba. Inda masu kuɗi ba su zama su ci a waje, ba abin mamaki ba ne in ba a gina musu wurin zama ba.

Sana'ar cikin gida

Mafi yawan dafaffen abincin da a ke sayarwa a Kano, mata ne suka yi shi, kuma matan da mai saye bai taɓa ganin fuskarsu ba. Macen da ke kulle ba ta zuwa kasuwa, amma tana kirɓa fura, tana toya waina da ƙosai, tana yin ɗanwake da dambu da kunu da koko, tana matse gyaɗa ta fid da mai ta soya ƙuli-ƙuli. Yarinya ce ke ɗaukar faifai ko ƙwarya ta bi lunguna tana kira, ta komo da kuɗi. Kowace irin talla da lokacinta: koko da ƙosai da sassafe, ɗanwake da hantsi, fura da azahar, tuwo bayan magariba. Mutumin unguwa ya san muryar 'yar tallan kowane gida, ya san furar wane gida ce ta ji kayan yaji, ta wane gida ce a ke yi wa ha'inci da tsari.

Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga shi a 1954, ta nuna yadda mace ke da sana'arta da kuɗinta dabam da na miji. Polly Hill, bayan bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta maƙala a 1969 inda ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, domin mai ƙidayar rumfunan kasuwa ba zai gan ta ba. Enid Schildkrout kuma, wadda ta yi aiki a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta bayyana cewa sana'ar matan kulle ta dogara ne ga yara, kuma ribar tallan yarinya ta kan shiga sayen kayan ɗakinta. Shi ya sa da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, tura 'ya mace makaranta ya zama magana mai nauyi ga uwar da ba ta da wata ƙafa sai 'yarta.

Abinci na musamman da unguwanninsa

Wanda ke neman abin marmari, unguwa ya ke tambaya, ba kanti ba. Larabawan Tarabulus da na Gadamus sun daɗe da zama a Kano, wajen Dandalin Turawa, gama a dā Larabawa a ke kira Turawa. Sawunsu yana nan cikin harshe: alkama, da alkubus, da alkaki, da gurasa, duk kalmomi ne masu asali daga Larabci. Alkama ba ta yin kyau da damina a ƙasar Hausa, sai a lambu lokacin sanyi, saboda haka abincin da aka yi da ita na masu hali ne, na biki da salla da tarbar babban baƙo. Gurasa ce ta fita daga gidajen attajirai ta shiga hannun talakawa, har wata unguwa ta samu suna da ita, watau Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Sana'a ce ta gado, uwa ta koya wa 'ya, ana gasawa a tanderu. Alkaki da nakiya da dubulan kuwa ba a cika samunsu a faifan talla ba. Sai a ba da saƙo ga gwanar da aka sani tun kafin ranar kai gara.

Nama yana hannun mahauta, ƙarƙashin Sarkin Fawa. Su ke yin tsire da balangu da kilishi. Kilishi ya cancanci a dube shi da idon tarihi, domin guzurin matafiyi ne: a feɗe tsoka ta yi faɗi kamar takarda, a shanya ta bushe, a tsoma ta cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna mata wuta. Naman da aka yi wa haka ya kan yi watanni bai ɓaci ba. Abin da falke ya ke sawa a burgame saboda larura, shi ne yau ya zama tsarabar da a ke kai wa Ikko da ƙasashen waje.

Zuwan jirgin ƙasa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa nan da nan. Sai ga wani irin baƙo wanda tsohon tsari bai san da shi ba: akawu, da ma'aikacin reluwe, da lebura, da ɗan ci-rani. Ba shi da kayan da fatoma zai ci la'adarsu, saboda haka ba shi da zauren da akushi zai tarad da shi. Amma yana da kuɗi a hannu, kwabo da anini, waɗanda suka maye gurbin wuri. Wannan mutum shi ne mafarin gidan tuwo, inda mace, sau da yawa bazawara ko wadda ta manyanta, ta kan kafa tukunya da benci, ta sayar da malmala ga duk wanda ya zo.

An keɓe Sabon Gari don mutanen Kudu da na Saliyo da na Gwalkwas, su kuwa matansu ba su kulle. Suka zo da garin rogo da teba da sakwara da manja, suka buɗe wuraren ci a bakin titi. Kwarori, mutanen Sham da Labanan, suka zauna tsakanin birni da tasha da nasu irin girkin. Burodi ya yaɗu, mai shayi ya kafa teburinsa a bakin tasha da ƙofar ma'aikata, ya zama wurin karin kumallo da jin labarin duniya. Duk da haka an daɗe kalmar otal ba ta da kyakkyawan suna a kunnen mutanen birni, domin suna haɗa ta da giya da mata masu zaman kansu. Sai da ma'aikatan gwamnati da 'yan boko suka yawaita, bayan samun mulkin kai a 1960, sa'an nan zama a gidan abinci ya soma zama abin da mai iyali zai yi ba tare da an yi da shi ba.

Kammalawa

A yau Kano cike ta ke da gidajen abinci masu alluna da fitilu, amma tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Har yanzu in baƙo ya ce yana son gurasa ko kilishi na kirki, ɗan gari ba ya duba allo. Sai ya ce bari in aika gidan wance, ko wurin wane. Mata da yawa suna dafawa a cikin gida, saƙo ya zo ta wayar hannu, mai babur ya kai, watau waya ta ɗauki rabin aikin 'yar talla. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma a sha'anin abinci wannan ita ce ƙa'idar da birnin ya ginu a kanta.

Akwai aiki a nan ga malaman kwalejojin horon malamai. Sunayen sarakuna suna rubuce, na attajirai ma haka, amma matan da suka ciyad da kasuwar da ta yi wa Kano suna ba su shiga takarda ba, kuma kowace tsohuwa ta rasu ta tafi da abin da ta sani. Kadan kowane ɗalibi zai zauna da kakarsa ya rubuta irin abin da ta ke dafawa don sayarwa, da wanda ya koya mata, da mudun da ta ke aunawa da shi, da kuɗin da ta ke sayarwa, da kiran da 'yar tallarta ke yi, cikin shekara guda za a tara abin da babu shi a kowane ɗakin ajiye takardu. Allah ya sa a samu masu himma.