Daga Akara zuwa Damargu: yadda aka koyi ciyar da yaro mai tamowa

Damargu ƙasar gero ce tun kaka da kakanni. Kafin zuwan Faransawa, a nan ayarin Abzinawa ke yada zango su ɗauki hatsi zuwa Agadas. Duk da haka, kowace shekara idan rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna, iyaye mata daga ƙauyukan Tanut da Belbeji sukan nufi asibiti da yara a goye, wasu sun rame, wasu ƙafafunsu sun kumbura. Abincin da ake ba yaran nan a yau yana da tarihi, kuma sai da aka yi asarar rayuka da yawa kafin a gane shi.

A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a Akara, ta bayyana ciwon kumburi da ke kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara. Ta danganta shi da ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki. A 1935 kuma William Rose na Amurka ya gano na ƙarshe cikin tubalan furotin, waɗanda ake kira amino asid. Guda 20 ne, kuma 9 daga ciki jiki ba ya iya haɗa su, sai dai ya samu a abinci. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, gini ya tsaya, ko da sauran na jibge.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Gero da dawa suna da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan, mai suna laisin, alhali wake da nono suna da shi isasshe. Yaron da kunun gero zalla yake sha zai iya ƙoshi, amma jikinsa bai samu kayan gini ba.

Da aka gane haka, sai aka wuce gona da iri: shekara da shekaru ana ɗura wa marasa lafiya furotin mai yawa tun ranar farko. A yunwar Somaliya ta 1992 zuwa 1993, a garin Baidowa, likita Steve Collins ya lura cewa manya masu kumburi da aka ba abinci mai furotin da yawa sun fi mutuwa a kan waɗanda aka rage musu. Hanta da ƙodar wanda ya galabaita ba sa ɗaukar kaya mai nauyi. Shi ya sa madarar jinya ta zama kala biyu. Ta farko, F-75, giram 0.9 kacal na furotin gare ta a mililita 100, don jiki ya daidaita. Sai yaro ya fara neman abinci da kansa ake matsawa zuwa F-100 mai giram 2.9.

Amma madara sai da ruwa mai tsabta da gadon asibiti. A 1996 Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin a 'yar leda mai giram 92, suka sa mata suna Plumpy'Nut. Ba ta son ruwa, ba ta son wuta.

A Nijar aka yi mata babban gwaji. Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, yunwa ta 2005 ta tsananta a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a gida, uwa na zuwa karɓar leda mako-mako. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da wannan hanya. Tsarin da ke aiki a Damargu ke nan: yaron da ke iya ci, ba shi da wata cuta, CRENAS ce ke kula da shi yana gida, wanda ya ƙi ci ko jikinsa ya rikice, a kwantar da shi a CRENI.

Abin takaici, har yanzu akan ga ledar a faifan masu talla, ko a raba ta tsakanin yaran gida. Jama'a, magani ce da aka auna daidai nauyin yaro guda. Wanda ya raba ta, ya rage wa mara lafiya maganinsa.

Sauran aikin kuwa yana hannunmu. Fura da nono, ɗanwake, kunun gero da gyaɗa: iyayenmu sun haɗa hatsi da abokin tafiyarsa tun ba a san sunan laisin ba. Mai gidan da ya sayar da wakensa kaf da kaka, ya kai akuyar tatsa kasuwa, ya bar yaron yaye da kunu tsura, ya san inda zai kwana da damina. A ware tiyar yara kafin buhu ya hau mota.