DAGA TUBALI ZUWA INJIN DA KE "BUGA" GIDA: ME MUKA YAR A HANYA?

Jama'a, tun da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, talaka ya fara cire rai da mallakar gida. Amma kafin mu ci gaba da kuka, mu ɗan waiwaya baya. Yaushe ne siminti ya zame mana dole?

Masana'antar siminti ta farko a Najeriya, ta Nkalagu, a 1957 ta fara aiki. Ta Kalambaina a Sakkwato sai 1967. Ke nan jiya-jiya ne. Ita kuwa ganuwar Kano, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, kusan shekara 900 da suka wuce, babu ko cokali ɗaya na siminti.

Kakanninmu suna da ilimin gini cikakke. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta tsima, a mulmula tubali a shanya. Rufi kuma da azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. A shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don kada ruwa ya ci shi. Katangar mai kauri ce, da rana tana tare zafi, da dare ta sake shi a hankali. Shi ya sa soron kaka ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi a watan Afrilu.

Wannan ilimi ya kai ƙololuwa a hannun Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen shekarun 1830. Har gobe masana gine-gine na nazarin ɗaurin gugansa. A Nijar kuwa, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan.

To, me ya faru? Kuɗin fetur ya shigo, gidan ƙasa ya koma alamar talauci. Ɗan magini ya ƙi gadon ubansa. Gaskiya ne ginin ƙasa yana son kulawa: in ba a gyara indararo ba, ba a yi yaɓe kafin damina ba, zai zube. Maimakon mu magance wannan rauni, sai muka yar da komai.

Yanzu ku duba abin mamaki. Masana sun ce sarrafa siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, don haka Turawa sun dawo neman ƙasa. A 2021 a Italiya, an gina wani gida mai suna TECLA da yumɓun wurin. An zana shi a kwamfuta, inji ya riƙa zuba laka layi bisa layi har ya tashi. Su suna kiran sa fasahar gobe. Mu kuwa mun san laka ce.

Ba sai mun je Turai ba ma. A Dandaji, can jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. An kammala a 2018.

Inda matsalar take shi ne: ilimin maginanmu a ka yake, ba a rubuce ba. Duk tsohon da ya rasu, ya tafi da nasa. A nan ne fasahar zamani za ta yi mana rana. Wayar hannu ta isa a ɗauki bayanin yadda ake ɗaurin guga. Jirgi maras matuƙi zai iya auna tsoffin gine-gine, a adana siffarsu a kwamfuta kafin ruwa ya cinye su. Jami'o'inmu su gwada ƙasar kowane yanki, su fitar da ma'auni, hukumomin tsara birane kuma su amince da shi.

In akwai tsohon magini a unguwarku, ku je ku zauna da shi tun yana raye. Allah Ya sa mu dace.