An auna Funtua don auduga, ba don ambaliya ba

Idan ka tsaya a Funtua da damina, ruwan da ke gudu a gabanka yana da doguwar tafiya. Daga yankin nan Kogin Sakkwato ya faro, ya bi ta Gusau, har ya je ya haɗu da Rima. Amma tambayi ta wace kwalbati ruwan unguwarku zai fita, da wuya ka samu takardar da za ta ba ka amsa.

Ba wai ba a taɓa zana ƙasar nan ba fa. Turawa sun auna ta saboda haraji da auduga, da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Daga shekarun 1950 jirage suka riƙa ɗaukar hoton Arewa daga sama, aka fitar da taswirori masu nuna rafuka da tuddai. A 1975 kuma shirin noma na Bankin Duniya ya sauka Funtua, har da ƙasar Malumfashi, aka yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa na ƙasa. To, madatsa tana tsufa, ga yashi ga zaizaya, ita kuwa takarda tana nan yadda aka zana ta.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A 2005 guguwar Katrina ta fasa katangun tare ruwa na New Orleans, a gaɓar tekun Amurka. Sai a lokacin aka farga cewa ƙasar ba ta da cikakken lissafin irin waɗannan katangu: ina suke, wa ke kula da su. A 2007 aka yi dokar tattara su wuri guda.

Mu ma mun sha namu. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano a Agustan 1988. A Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe sama da mutum 40 a Jibiya. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, sai dai ba ta faɗa maka sunan layinku.

A 2021 Google ya fitar da taswirar gine-gine sama da miliyan 500 na Afirka, waɗanda kwamfuta ta tsinto daga hoton tauraron ɗan'adam. Ɗora ta a kan tsohuwar taswirar zamanin Turawa, ka duba ko inda aka zana rafi yanzu rufin kwano ne. Kafin ruwa, wannan zai nuna maka wa za a fara tasa. Bayan ruwa, da shi za a ƙirga gidajen da suka faɗi, ba da ƙiyasi ba.

Abin da tauraron ba ya gani shi ne ƙarƙashin titi. Kwalbatin da leda da karan dawa suka toshe, sai wani ya taka da ƙafa, ya leƙa, ya ɗauki lambar wurin da wayarsa.