Me Ya Haɗa Soja Da Cinikin Gida A Ƙasar Turkiyya?

TAMBAYA: Wannan wasiƙa ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano, wanda ya ce yakan je birnin Istanbul saro kaya. Ya ce wani dillali ya yi masa tallar gida a can, amma sai ya ji ana cewa wai baƙo ba ya sayen gida a Turkiyya sai da yardar soja. Shi ne yake so mu ba shi tarihin wannan al'amari, kuma shin har yanzu haka abin yake?

AMSA: To malam, gaisuwa mai yawa, kuma abin da ka ji ɗin yana da tushe. Amma kafin mu zo kan soja sai mun koma baya zuwa zamanin Daular Usmaniyya.

A wancan zamani doka ba ta yarda baƙo ya mallaki ko taki ɗaya na ƙasar daular ba. Turawan da ke kasuwanci a Istanbul da Izmir sai su yi dabara, su sayi gida da sunan wani ɗan ƙasa da suka amince da shi. Ana nan sai ƙasashen Turai suka yi ta matsa lamba, har a shekara ta 1867, zamanin Sultan Abdul'aziz, aka kafa doka wadda ta ba baƙi damar sayen gida da gona a ko'ina cikin daular, ban da lardin Hijaz, watau inda Makka da Madina suke. Sharaɗin shi ne, a kan abin da ya shafi wannan dukiya, baƙo zai biya haraji ya kuma tsaya gaban alƙalin daular kamar kowa. An sa wannan sharaɗi ne domin a lokacin Turawa suna da wani gata na musamman, ba a yi musu shari'a sai a ofishin jakadancin ƙasashensu.

Daga nan sai daular ta yi ta zaizayewa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ingila da Faransa da Italiya suka zauna a Istanbul tun daga 1918 har zuwa 1923, sojojin Girka kuma suka sauka a Izmir cikin 1919. Sai da Mustafa Kamal Ataturk ya ja yaƙin ƙwatar ƙasa, aka ƙulla yarjejeniyar Lozan a 1923 wadda ta soke wancan gata na Turawa, sannan aka kafa Jamhuriyar Turkiyya. To ka san an ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen da suka ga baƙi sun tashi raba ƙasarsu kamar naman watanda, ba za su ɗauki cinikin fili kamar cinikin goro ba.

Saboda haka sabuwar gwamnati ta shiga kafa shinge. Dokar ƙauyuka ta 1924 ta hana baƙo sayen gida ko gona a cikin ƙauye. A 1927 aka yi dokar wuraren da soja suka haramta. A 1934 kuma dokar rajistar filaye ta ce ba za a sayar wa baƙo ba sai in ƙasarsa ita ma tana sayar wa Baturke, watau ba ni gishiri in ba ka manda. Bayan juyin mulkin da soja suka yi a 1980, sai aka sabunta dokar wuraren soja a 1981, kuma ita ce ke aiki har yau. Ta hana baƙo mallakar komai a yankunan da aka keɓe saboda tsaro, kamar kewayen bariki da sansanin mayaƙan ruwa da wasu wurare na bakin iyaka.

A nan ne sa hannun soja ya shigo. Tun da taswirar waɗannan yankuna tana hannun soja ne, ma'aikatan ofishin rajistar filaye ba su da ikon cewa wannan gida yana ciki ko yana waje. In baƙo ya zo saye, sai ofishin ya rubuta wa rundunar soja takarda, a zauna jiran amsa. Masu saye a garuruwan bakin teku na yamma, takardunsu hedikwatar soja ta Izmir ake kai su, kuma mutum yakan share watanni yana jira, alhali kuwa wani ya riga ya ba da kafin alƙalami.

An sha ja-in-ja a kan buɗe wannan ƙofa. A 1984, zamanin Firayim Minista Turgut Ozal, Yarima Abdullahi na Saudiyya, wanda daga baya ya zama sarki, ya sayi wani tudu a bakin mashigin ruwan Bosforus. Gwamnati ta yi doka a 1984, ta sake yin wata a 1986, don sauƙaƙa wa Larabawa masu arzikin man fetur, amma kotun tsarin mulki ta soke su duka biyu. A 2003 aka ɗage hanin sayen fili a ƙauyuka. Sai a 2012 aka yi babban gyara, aka cire sharaɗin nan na ramuwa, aka ce gwamnati ce za ta fitar da jerin ƙasashen da aka yarda 'yan cikinsu su saya. Aka kuma ƙayyade cewa baƙo ɗaya ba zai wuce hekta 30 ba, watau kamar eka 74, kuma abin da baƙi duka za su mallaka a gunduma guda ba zai haura kashi 10 cikin 100 na filayen da ke hannun jama'a ba.

Bayan wannan gyara ne aka riƙa shigar da iyakokin yankunan soja cikin kwamfutar ofishin rajista, ta yadda a yanzu galibi a nan ofishin ake dubawa, ba sai an yi wancan dogon jira ba. Amma fa jiran ne ya ragu, hanin yana nan daram. Kuma ba Turkiyya kaɗai ba ce. A ƙasar Sifen ma akwai dokar 1975 wadda ta ce wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya nemi iznin ma'aikatar tsaro kafin ya sayi fili a wasu wurare na tsibirai da bakin iyaka.

To malam, shawararmu ita ce kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka ba dillali ko sisin kwabo, ka fara tabbatar da cewa ƙasarka tana cikin jerin da aka yarda da su, sannan a duba maka matsayin gidan a ofishin rajista. Ka kuma sani, a dokar Turkiyya gida bai zama naka ba sai ran da aka rubuta sunanka a wannan ofishi aka miƙa maka takardar mallaka, wadda suke kira tapu. Takardar da kuka rubuta tsakaninka da mai gida, komai yawan shaidunta, ba ta mayar da kai mai gida.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya ba da kasuwa, sai mun sake jin ka.